Tsirkiya Huɗu

A Tunfure na same ta,
jingine a lungun shagon Lamela mai gyaran rediyo,
gizo-gizo ya yi mata saƙa a wuya,
tsirkiya huɗu, ɗaya ta tsinke tana lilo.
Ya ce wani makaɗi daga Kaltungo
ya ba da ita jingina, damina biyu bai waiwayo ba.
Na taya, ya ce albarka.
Na ƙara, ya ce albarka, yana duban silin.
Sai da aka kira la'asar muka shirya:
kuɗin sabuwar tayar babur na ƙirga masa,
na goya ta a baya kamar ɗan yaye,
muka nufi Bolari a kan tayar da ta suɗe.

Ni ba ɗan makaɗa ba ne.
Awon jini nake yi a asibiti,
yini guda ido ɗaya a rufe, ɗaya cikin madubi,
shekara arba'in da bakwai, furfura ta fara leƙe.
Hansatu ta dube ni, ta dubi kayana,
ta ce, "Wannan garayar me ta ci ta yi tsawo haka?"
Na ce jita ce, mai babbar murya.
Ta ce, "To ta yi magana a hankali, yara na barci."

Watan farko ita ta kaɗa ni.
Yatsu suka yi bororo, suka fashe, suka yi kanta,
ƙaramin ya ƙi miƙewa ko da lallashi.
Da na kama bakin zaren sai a ɗauke wuta,
in zauna cikin duhu ina taɓa ta haka nan,
tana gunaguni kamar zuma a cikin tulu,
ni kaɗai nake ji, ta haƙarƙari.

Ba ta son gaba, shi ya sa muka saba.
Dutsen murhu ce:
in tuwo ya yi daɗi ba wanda ke yaba masa,
amma janye shi ka ga inda tukunya za ta kwana.
Ran Asabar a garejin Bulus mai ganga,
da Sa'idu tela da ƙaramar jitarsa mai surutu,
su hau sama su yi ta shawagi,
ni ina ƙasa riƙe da igiya.
Ba biki, ba liƙi, ba mai gayyatarmu,
sai shayi da ƙosai da kuskure iri ɗaya
da muke maimaitawa muna dariya.

Wani dare Baba ya ɗaga labule.
Shekara talatin yana kan injin niƙa a Herwagana,
injin ya niƙe masa kunne tare da dawar mutane,
ko tsawa sai dai ya ga walƙiya.
Na yunƙura zan kashe, ya ɗaga mini hannu.
Ya zauna a tabarma,
ya shimfiɗa tafinsa a kan akwatin sifika
kamar mai duba zazzaɓin jika.

Na ja babbar tsirkiya.
Ya rufe ido.
Na sake ja.

Ya ce, da ƙarfi, yadda kurame ke faɗa,
"Injina ne! Da asuba,
kafin a zuba masa komai.
Amma kana sauri, Isiyaku, ja da baya,
bel bai kama ba tukuna."

Na ja da baya.
Ya gyaɗa kai, ƙafarsa ta soma bin ƙasa.

Tayar babur tana nan yadda take,
in an yi ruwa sai in tafi da ƙafa.
Bayan isha'i, in akwai wuta,
ni ke riƙe da jita,
shi ke ba da awo.